Me ke sa sauti shaƙewa idan allura ta doshi tsakiyar faifai, kuma wane saiti zan bi?

Wa'alaikumus salam Malam. Idan na fahimce ka daidai, ka samu garmahon Technics SL-1200 na hannu, ka cire tsohon katirij ɗin da ya zo da shi, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allura a kan hannun garmahon, ka ɗaura sabon Audio-Technica VM95E, waƙoƙin farkon faifai suna fita tas amma da zarar allura ta doshi tsakiya sai murya ta fara shaƙewa, duk inda mawaƙi ya furta "s" sai kaji wata ƙara mai tsaga kunne, sannan ka shiga bincike ka tarar ana ta musu kan hanyoyin saita katirij na Baerwald da Löfgren da Stevenson har kanka ya ɗaure, kana tambaya wanne zaka bi ko kuwa allurar ce aka sayar maka jabu.

Toh da wuya ace allurar ce, tunda farkon faifai yana fita lafiya. Zaman katirij ɗin ne nake zargi. Kuma tun yanzu in faɗa maka, waɗancan sunaye uku duk wanda ka ɗauka zai yi maka aiki, matsalar da nake gani a yawancin garmahon da ake kawo min gyara ita ce ba a kan ko ɗaya daga cikinsu suke zaune ba, mutum ya ɗaure kusoshi da ido kawai ya ce ya yi.

Bari in fara da inda matsalar ta samo asali don sauran maganar ta zauna maka. Lokacin da ake yanka faifai na asali, wuƙar da ke tsaga layin a miƙe ɗoɗar take tafiya daga baki zuwa tsakiya, ko'ina ta je fuskarta na bin layin daidai. Hannun garmahonka kuwa a kafe yake ta gindi, lilo yake yi kamar waifar gilashin mota, saboda haka allurar a karkace take ratsa faifan, kuma in da za a bar hannun a miƙe haka nan da karkatar ta yi yawa sosai. Dabara biyu aka yi don rage ta. Ta farko aka lanƙwasa kan hannun zuwa ciki, shi ya sa kaga hannun naka ya yi siffar S, lanƙwasar tasa digiri 22 ce. Ta biyu aka sa allurar ta ɗan zarce ƙarfen tsakiyar faranti in ka kai hannun kansa, wannan zarcewar ita ake kira obahan, a naka milimita 15 ce. Idan aka haɗa biyun nan daidai, allurar zata yi daidai da layi ɗari bisa ɗari a wuri biyu kacal a duk faɗin faifan, sauran wuraren kuwa akwai 'yar karkata amma ba ta wuce digiri 2 ko kusa da haka.

Me ya sa sai a tsakiya kake jin abin? Faifan yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ko'ina allura take, amma a bakin faifai layin da ke wucewa ƙarƙashin allura ya kai wajen santimita 51 a daƙiƙa ɗaya, a can ciki kusa da takardar tsakiya kuwa wajen santimita 21 ne kawai. Kenan sauti iri ɗaya an cusa shi a ƙasa da rabin wurin, kwanonin layin sun matse sun yi tsini, musamman na sirarun sauti irin su "s" da ƙarar kuge. Karkatar da allura zata shanye a waje ba ka ji komai ba, a ciki sai ta fito fili. Ka riƙe wannan, akwai wani kaso na raguwar sautin ciki da yake daga faifan ne kansa, babu saitin da zai kawar da shi gaba ɗaya, ragewa ake yi har ya daina damun kunne.

Su kuma waɗancan mutum ukun, bambancinsu kawai a ina kowa ya ajiye wuraren nan biyu da allura ke yin daidai da layi. Erik Löfgren ɗan ƙasar Suwidin shi ya fara warware lissafin a 1938, Baerwald ya fitar da nasa a Amurka a 1941 kuma amsarsa ta zo ɗaya da lissafin Löfgren na farko, sai dai sunansa ne ya fi yaɗuwa, Stevenson ya zo a 1966 a Ingila. Idan aka ɗauka layin waƙa yana farawa daga milimita 146.05 daga tsakiya ya ƙare a 60.325, Baerwald yana sa wuraren a 66.0 da 120.9, manufarsa ɓacin sautin a baki da tsaka-tsaki da ƙarshe ya zo daidai wa daida kar wani wuri ya fi wani muni. Löfgren na biyu yana sa su a 70.3 da 116.6, tsaka-tsakin faifai ya fi tsabta amma ƙarshe ya fi shan wahala. Stevenson ya ce ai ƙarshen ne wurin da ake kuka da shi, sai ya kai wuri ɗaya can 60.3 ɗayan kuma 117.4. Saitin da Technics suka ƙera hannun naka a kai, tsawo milimita 230 da obahan 15 da digiri 22, in ka buga lissafin yana faɗawa wajen 58.8 da 113.5, wato ɗan'uwan Stevenson ne, yana fifita cikin faifai.

Yanzu ga abin da ya sa nace musun ba shi ne gabanka ba. A ce ka zaɓi Baerwald a kan wannan hannun, daga gindin hannu zuwa ƙarfen tsakiya 215 ne, don haka allura sai ta tsaya a 232.8 daga gindi, kwana kuma wajen digiri 23.7. Ka gaza da rabin milimita kacal wajen turo katirij gaba, wuraren nan biyu sun tashi daga 66 da 121 sun koma wajen 62 da 124. Rabin milimita fa, kaurin layin biro. Wannan gocewar ta kusa kai duk tazarar da ke tsakanin Baerwald da Löfgren na biyu da ake ta kai ruwa rana a kai. In kuma tsawon ya yi daidai amma kwanar ta gaza da digiri ɗaya, wanda ido ba ya ma kamawa in ba ka natsu ba, sai su koma wajen 81 da 98, karkatar da ke waƙar ƙarshe ta tashi daga ƙasa da digiri ɗaya ta kusa kai biyu, daidai wurin da kake kuka da shi. Kaga kenan wanda ya yi Stevenson da kyau ya fi wanda ya yi Baerwald a gurguje, haka ma in aka juya.

Shawarata a kan SL-1200 ɗinka, ka fara da saitin kamfanin, shi ya fi sauƙi kuma dama cikin faifai yake lallaɓawa. Akwai wani ɗan farin roba da yake zuwa da garmahon, zaka zura kan hannun a ciki ka turo katirij har tsinin allura ya zo daidai bakinsa. Na hannu galibi robar ta ɓace, ba komai, abin da take aunawa milimita 52 ne daga inda robar wuyan kan hannun take jingina da bakin bututu zuwa tsinin allura, zaka iya aunawa da rula mai kyau ko baniya, ma'aunin nan mai baki biyu na makanikai. A wannan saitin katirij yana zama a miƙe sak da gefunan kan hannun, ba a murɗa shi ko kaɗan. Abin da nake roƙonka kar ka yi, kuma shi mutane suka fi yi, shi ne ka auna 52 sannan ka ɗauko takardar awon Baerwald ka ce zaka tabbatar. Ba zasu taɓa yarda da juna ba, zaka ga wuri ɗaya ya yi ɗaya ya ƙi, ka kwana kana murɗawa. In Baerwald kake so ka manta da 52, katirij ɗin zai matsa gaba da kusan milimita 3 kuma zai ɗan murɗe zuwa ciki har kaga kamar a karkace yake a kan hannun, haka ya kamata ya kasance.

Kafin ka taɓa kusa ko ɗaya dai, duba lafiyar hannun kansa, domin wannan samfurin masu kiɗan biki da gidajen rawa sun fi kowa amfani da shi kuma yana shan jifa a bayan mota. Mayar da antiskat, ɗan maɓallin murɗawa da ke gefen gindin hannu mai hana hannun jan tsakiya, zuwa sifili, juya nauyin baya har hannun ya tsaya yana shawagi shi kaɗai, ka hura masa iska kaɗan. Ya kamata ya tafi sumul gefe da sama ba tare da ya cije a hanya ba. Ka kama bututun a hankali ka ɗan ja gaba da baya, in kaji ƙwas-ƙwas toh boris ɗinsa ya saki, kuma duk awon da zaka yi a kan hannu mai girgiɗi aikin banza ne, sai an gyara wannan tukuna. Sannan ka ɗora ma'aunin ruwa irin na magina a kan farantin kansa, ba kan teburi ba, ka juya ƙafafun har ƙwayar ta tsaya tsakiya ta kowane ɓangare.

Idan zaka yi da takardar awo, cire wayar wuta daga soket tukuna don kar hannunka ya taɓa maɓalli faranti ya juya da allura a kan takarda, a nan ake karya sabuwar allura. Takardar in daga intanet ka sauko da ita, ka tsaya a kan mai firintin ya buga ta a girmanta na ainihi ɗari bisa ɗari, yawancin shaguna injinsu yana rage hoto ya shiga shafi ba tare da sun ma lura ba, in ka karɓa ka ɗora rula kan layin gwajin da ke jiki ka tabbatar. Ramin tsakiya kuma kar ka huda shi da biro, ka yanka shi da reza a tsanake ya shiga ƙarfen tsam, ramin faifai wajen milimita 7.2 ne, in ramin ya yi sako-sako rabin milimitar nan da muka yi magana ta riga ta tafi tun kafin ka fara. Ka ɗora takardar a kan wani tsohon faifai da ba ka so don tsayin ya yi daidai da na lokacin kiɗa.

Sa nauyin allura kusa da yadda zai zauna, giram 2, antiskat yana sifili, kusoshi biyun a ɗan sake yadda katirij zai motsa in ka tura amma ba zai zame da kansa ba. Sauke allura da liba, ɗan sandan ɗaga hannu da sauke shi, a kan ɗigon waje, ka murɗa katirij har ya bi layukan takardar, ɗaga, ka kai ɗigon ciki. A irin takarda mai ɗigo biyu babu laifi ka juya faranti kaɗan don ɗigon ya zo ƙarƙashin allura, amma irin mai lanƙwasasshen layi da aka buga don hannunka takamaimai, ita ba a motsa ta, sai ka danne faranti da salatif. Toh a ɗigon cikin ka duba hancin katirij. In ya karkata wajen ƙarfen tsakiya, obahan ya gaza, turo shi gaba kaɗan. In ya karkata waje, ya yi yawa, mayar da shi baya. Ka koma ɗigon waje ka sake daidaita kwana, ka dawo ciki, haka zaka yi ta kai-komo har duka biyun su yarda, kuma duk motsin da zaka yi ka ɗaga allura tukuna, kar ka ja katirij allura na kan takarda.

Abin da zaka daidaita da layin kuma ba jikin katirij ba ne, ɗan siririn sandan nan ne da allura ke bakinsa. Jiki roba ne, layin faifai bai san da shi ba, sandan ne ke shiga layi, kuma ko a sabon katirij ana samun sandan ya ɗan kauce daga tsakiyar jiki. Ka durƙusa idonka ya zo daidai gaban katirij, rufe ido ɗaya, haska tocila daga gefe, ko ka kafa wayarka ka zuƙo hoton da kyamara, amma wayar ta tsaya daidai saitin layin tsakiya in ba haka ba ita ma zata yi maka ƙarya. Wannan ne ya sa na fi son ma'aunin da aka zana a kan madubi, idan layin da inuwarsa suka haɗe suka zama ɗaya ka san idonka yana inda ya dace. Wajen ɗaurewa ka riƙa yi kaɗan nan kaɗan can, in ka ƙarasa kusa ɗaya gaba ɗaya zata ja katirij ya murɗe aikinka ya koma baya, kuma ka yi hattara da sukundireba na ƙarfe kusa da allura saboda akwai maganaɗisu a wurin. In ka gama ɗaurewa ka sake dubawa a ɗigo biyun.

Sai nauyi, wanda dole ka sake aunawa domin matsar da katirij yana canza shi. VM95E kamfanin ya ce tsakanin giram 1.8 zuwa 2.2, ka sa 2.0. Lambobin da ke jikin nauyin baya zobe ne kawai da yake juyawa shi kaɗai, in ba a sa shi a sifili lokacin da hannu ke shawagi ba toh abin da yake nunawa ba gaskiya ba ne, ɗan sikelin dijital na allura ya fi, ka auna a tsayin faifai. Mutane suna tsoron nauyi suna ganin rage shi tausayin faifai ne, alhali allurar da ta yi sauƙi fiye da ƙima tsalle take yi tana dukan bangon layi a wuraren da sauti ya yi ƙarfi, wannan shaƙewar da kake ji ma tana iya zama daga nan, kuma ita ke cinye faifai. In kana shakka ka matsa wajen 2.2. Ban ce ka ɗaura kwabo a kan hannu irin yadda ake yi da ba.

Tsayin hannu kar ka ɓata dare a kansa. Allura na kan faifai, ka duba daga gefe, bututun ya kwanta daidai da fuskar faifai, shikenan. A hannu mai tsawon 230 sai ka ɗaga gindi da milimita 4 kafin kwanar allura ta canza da digiri ɗaya, kuma allura irin taka ba ta da tsirfa a wannan. Abin lura ɗaya, in wanda ya sayar maka ya cire shimfiɗar roba mai kauri ya bar maka siririn ƙyallen nan na masu kiɗa, gindin zai yi sama da yawa, sai ka sauke da zoben da ke gindin hannun ko ka nemo robar.

Ta gaba kuma ka duba ko katirij ya kwanta gefe ɗaya. Ɗora ƙaramin madubi a faranti ka sauke allura a kai a hankali, sandan da inuwarsa su miƙe layi ɗaya ba su yi gwiwa ba. Kan hannun Technics yana da ɗan wasa a wuya kafin ka ɗaure zoben, galibi wannan wasan ya isa ka gyara.

Antiskat shi ne na ƙarshe. Saboda lanƙwasar nan ta hannu, gogayyar allura da layi tana jan hannun zuwa tsakiya, sai allura ta danne bangon ciki ta sassauta na waje. Bangon ciki shi ke ɗauke da sautin sifikar hagu, na waje na dama, don haka ka saurara da kyau, in shaƙewar ta fi fitowa a dama antiskat ya gaza, in a hagu ne ya yi yawa. Fara da sa shi a 2 daidai da nauyi sannan kunne ya ƙarasa. Gwajin da ake yi da faifai marar layi a ce sai hannu ya tsaya cak, ban yarda da shi ba, a can tsinin allura ne ke taɓa santsi, a cikin layi kuwa gefunanta ne ke goga bango biyu, ƙarfin jan ba ɗaya ba ne.

Akwai gwaji guda da nake so ka yi yau tun kafin duk wannan, ba ya cin minti biyar. Goge allurar da ɗan burushinta daga baya zuwa gaba, goge faifan, ka sauke kai tsaye a waƙar ƙarshe ba tare da ka bi ta farko ba. In ta fita tas, toh datti ne allura ke tarawa a hanya kafin ta iso ciki, kuma da hunturu wannan ya zama ruwan dare a wajenmu, ga ƙura ga bushewar iska da ke sa faifai ya riƙa jan ƙurar da kansa, sai ka wanke faifanka. In ta shaƙe duk da haka, sai ka bi saitin.

Idan ka gama komai ka ga wasu faifan sun warke wasu sun ƙi, musamman tsofaffin da aka gada a gida, waɗannan layinsu ne ya riga ya ci, an yi shekaru ana kunna su da allura mai dakushi da hannu mai nauyi kuma cikin faifai ne yake fara mutuwa. Wani lokaci allura mai siririn baki irin VMN95ML tana taimakawa, tana shiga jikin katirij ɗinka ba sai ka kwance komai ba, tana bin matsattsun kwanonin ciki fiye da taka mai baki 0.3 da 0.7 mil (mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci) kuma tana taɓa wuraren bangon da tsohuwar allura ba ta goge ba, sai dai ita ba ta yafe karkata, saboda haka ka tabbatar saitin ya zauna kafin ka kashe kuɗinka. In kuma cikin gadon akwai masu nauyin nan masu fashewa na gudun 78, kar ka ɗora musu wannan allurar kwata-kwata, layinsu mai faɗi ne yana son allura ta wajen mil 3, kuma in garmahonka samfurin MK2 ne ko MK5 gudun 33 da 45 kawai yake da shi.